Yaron da Ba Ya Son Rubutu: Yadda Za a Tsara Masa Darasin Nahawu da Insha'i a Gida

Akwai yaron da in ya fara ba da labarin abin da ya faru a filin ƙwallo, sai an ce masa ya isa haka. Ya san wanda ya fara tsokana, ya san wanda ya rama, har muryar alƙalin wasa zai kwaikwaya. Amma a miƙa masa fensir a ce ya rubuta layi uku a kan wannan labarin, nan take fitsari zai matse shi, ko fensir ya yi ɓatan dabo, ko ciki ya fara murɗawa. Iyaye da yawa suna kiran wannan lalaci, wasu su ce taurin kai. Wani lokaci haka ɗin ne. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne, kuma wanda ya fara da bulala ya riga ya ɓata aikin tun ba a buɗe littafi ba.

Gidajen da karatun yaro ya dawo hannun iyaye sun fi yadda ake zato yawa. Wasu tun rufe makarantu na lokacin korona a 2020 suka fara. Wasu rashin tsaro ne ya rufe makarantar garinsu. Wasu yaron yana hadda, an jingine masa boko sai ɗan abin da aka taɓa a gida, wasu kuma suna zaune a Saudiyya ko Ingila suna son ɗansu ya iya rubuta harshen gidansu. Ga kuma mafi rinjaye, waɗanda yaronsu yake zuwa makaranta kullum, amma aji ya cika maƙil, malami ba ya iya duba littafin kowa, an kai aji huɗu ba a iya haɗa jimla ba. Abin da ke tafe ya shafi duk waɗannan. Na ɗauki yaro ɗan shekara 7 zuwa 11, wanda ya san haruffa, yana kuma iya karanta gajerun jimloli ko da da ƙyar ne. Duk inda na ce yaro, har da yarinya.

A fara gano inda ke masa ciwo

Babba ya daɗe da manta cewa rubutu ayyuka da yawa ne da ake yi a lokaci guda. Hannu yana zana harafi, kunne yana neman harafin da ya dace da sauti, ƙwaƙwalwa tana neman abin faɗa, sannan tana jera shi kada ƙarshe ya riga farko. Mu mun saba har ba ma jin nauyinsu. Shi kuwa yaro duk a kansa suke sauka lokaci ɗaya, kamar a ce wa mai koyon keke ya ɗauko buhun masara tun ranar farko. Saboda haka makon farko ba na koyarwa ba ne, na lura ne.

A ba shi layi biyu ya kwafa, a zuba wa hannunsa ido, a ƙyale takardar. In yana danne fensir har ya huda takarda, ko yana yarfe hannu bayan kalma biyar, ko ya dunƙule yatsu duka a kan fensir, to matsalar ta hannu ce. Washegari a yi masa shifta ta kalmomi biyar masu sauƙi, irin su gida, tabarma, makaranta. Yaron da ya kwafa da kyau amma ya faɗi a shifta, haɗa sauti da harafi ne bai zauna masa ba. Wata rana kuma a ajiye takarda gaba ɗaya, a ce ya faɗi yadda ake wasan langa, ko yadda ake dama kunu. In ya zuba bayani tiryan-tiryan, ba shi da matsalar tunani. In kuwa a bakin ma sai "ban sani ba" da ɗaga kafaɗa, to hira da sauraron labari yake buƙata kafin komai. Akwai na huɗu, wanda ya ci duk waɗannan gwaje-gwaje amma yana ganin littafi sai ya ɗaure fuska. Wannan tsoro ne. A ɗauko tsohon littafinsa na makaranta a duba yawan jan biro, a kuma tambayi kai sau nawa aka kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa.

Abu biyu ne ake yawan tsallakewa a nan. Na farko ido. Yaron da yake kai fuska dab da takarda, ko yake kanne ido, ko yake kukan ciwon kai bayan karatu, a kai shi asibitin ido tun ba a zarge shi ba. Na biyu bahago. A gidajenmu da yawa da an ga yaro ya kama fensir da hagu sai a buge hannun. Cin abinci da dama ladabi ne da ake koya wa kowa, wannan daban. Amma tilasta wa bahago rubutu da dama yana sa hannu ya gaji da wuri, rubutu ya munana, yaro ya tsani abin ɗungurungum. A bar shi da hagunsa, a karkata masa takardar zuwa dama kaɗan don kada hannunsa ya rufe abin da ya rubuta.

In hannu ne ba shi da ƙarfi, maganin yana cikin gida: ɓarar gyaɗa, tsintar wake, murza laka a yi shanu da motoci, zira duwatsu a zare, zane a ƙasa da tsinke. A sayo fensir gajere mai ɗan kauri, da littafi mai jan layi da shuɗi don haruffa su san inda za su tsaya. Kada kuma a firgita in ɗan shekara 7 yana juya b ta koma d. Yara da yawa suna yin haka, namu kuma nauyinsu ya ninka, domin ga b da d, ga ɓ da ɗ, huɗu ke nan masu kama da juna, sannan da yamma a Islamiyya daga dama yake farawa, da safe a boko daga hagu. A sa masa ɗigo a gefen hagu na kowane layi, ya san daga nan ake tashi.

Lokaci kaɗan, amma kullum

Minti goma sha biyar sun isa ga ɗan shekara 7 ko 8, minti ashirin zuwa ashirin da biyar ga wanda ya fi haka. Kwana huɗu ko biyar a mako. A zaɓi lokacin da cikinsa yake a cike, idonsa a buɗe, kamar da hantsi bayan karin kumallo. Yaron da ya dawo daga Islamiyya gab da magariba, ga gajiya ga yunwa, ba abin da zai shiga kansa. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri, kuma a kan iyaye yake: in lokaci ya cika a tashi, ko da ana tsakiyar jin daɗi. Ranar da yaro ya yi ƙoƙari aka ce "tunda ka iya, ƙara shafi ɗaya", ranar ya koyi cewa ƙoƙari ƙarin aiki yake jawowa. Gobe ba zai sake ba.

Ina ba da shawarar a fara da allo da alli, ko farin allo da ake gogewa, kafin a koma littafi. Makarantar allo ta daɗe da sanin amfanin wannan: abin da aka rubuta yau za a wanke, a sake wani. Yaro mai tsoron kuskure yakan saki jiki in ya san kuskurensa ba zai zauna a takarda yana jiran Abba ya dawo daga kasuwa ya gani ba.

Baki ya riga hannu

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin duka. Insha'i a baki yake farawa, kuma yaro zai iya shafe watanni yana koyon tsara magana ba tare da ya rubuta fiye da layi ɗaya da hannunsa ba. Ana karanta masa gajeren labari sau ɗaya, a rufe littafi, a ce ya maimaita da kalmominsa. Ba a katse shi, ba a gyara masa yana cikin magana. In ya tsallake wani abu, sai ya gama a tambaya, "To, kafin Gizo ya hau bishiyar, me ya faru?" Wata malama a Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, a kan wannan ta gina koyarwarta: gajerun darussa, littattafai masu daɗi, yaro ya maimaita abin da ya ji da baki, sai ya kusa shekara goma a fara neman ya rubuta shi. Har yau masu koyar da 'ya'yansu a gida a Amurka da Ingila suna bin tafarkinta. Mu kuwa abin ba baƙo ba ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya da dare ya san bayan Kaka ta yi tata, sai a ce wane kawo taka.

Abin karantawa bai yi ƙaranci ba. Ga littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ga Ka Koyi Karatu da 'yan uwansa ga wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ga mai son yaƙi da jarumta. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tun ƙarshen shekarun 1930, ya dace ƙwarai da wannan aiki, domin labaran da aku yake ba Musa ɗan sarki gajeru ne, kowane yana da farko da tsakiya da ƙarshe a fili. Sai dai a riƙa karantawa a gaba kafin a karanta wa yaro, don akwai kalmomin da yaran yanzu ba su taɓa ji ba, akwai kuma labaran da suka fi dacewa da manya.

Daga nan sai mataki na biyu: uwa ko uba su zama magatakarda. Yaro yana faɗa, ana rubuta masa, kalma da kalma yadda ya faɗa.

"Umma, ni ban san abin da zan ce ba."

"To, ajiye fensir ɗin. Jiya da akuyar maƙwabta ta shigo, me ta fara ci?"

"Dusar kaji. Sai ta ture kwanon, sai Yaya ya biyo ta da tsintsiya, sai ta shige ɗakin Kaka."

An samu insha'i ke nan. A rubuta, a karanta masa, ya ji maganarsa ta zama rubutu. Sannan a ce ya zaɓi jimla ɗaya da ta fi masa daɗi ya kwafa da hannunsa. Bayan mako biyu ko uku a mai da ita jimla biyu. Wata rana a fara rubuta masa, a tsakiya a ce tukunya tana ƙonewa, ya ƙarasa jimlar kafin a dawo. Wayo ne, amma halal ne.

Kwafi da shifta su ne abincin yau da kullum. Kwafi jimla ɗaya ce ko biyu, a rubuta su da kyau iya iyawa. Layi ɗaya mai tsabta ya fi shafi guda na kwasar karan mahaukaciya. Shifta kuma kada ta zama tarko. A nuna masa jimlar tukuna, ya dube ta da kyau, a tambaye shi wace kalma ce yake jin za ta ba shi wuya, a rubuta ta a allo, a goge, sannan a yi shiftar. Manufar ita ce ya rubuta daidai, ba a kama shi da kuskure ba.

Nahawu daga bakinsa za a ciro shi

A nan ne iyaye masu ƙwazo suka fi yin ɓarna. Sai a sayo littafi, a sa yaro haddar ma'anar suna da aikatau da sifa da bayanau, ya rera su kamar karatun sallah, amma a ce ya rubuta wasiƙa ya kasa. Masu binciken koyarwa sun daɗe da lura da haka. Wani rahoto da Steve Graham da Dolores Perin suka fitar a Amurka a 2007, bayan sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a kan koyar da rubutu, ya nuna cewa koyar da nahawu shi kaɗai a ware ba ya gyara rubutun ɗalibai, alhali atisayen haɗa gajerun jimloli su zama doguwa yana gyarawa. Da ɗaliban Turanci aka yi binciken, amma duk wanda ya koyar da Hausa zai gane abin da ake nufi.

Yaron da aka haifa cikin Hausa ya riga ya san nahawunta, sunayen abubuwan ne kawai bai sani ba. Ba zai taɓa cewa "yaran sun da zo" ba. Aikinmu shi ne mu sa ya lura da abin da bakinsa yake yi. A ɗauki labarin akuyar nan, a yanka shi gunduwa-gunduwa a allo: Akuya ta shigo gida. Akuya ta ci dusa. Yaya ya kore ta. A ce ya mai da su jimla ɗaya. Zai ce, "Akuya ta shigo gida ta ci dusa, sai Yaya ya kore ta." A ce ya sake, amma ya fara da "bayan". Ya sake da "saboda". Ya sake da "kafin". Kowane juyi yana canza ma'ana kaɗan, kuma yara suna jin daɗin gano haka. Wata rana a ba shi "Yara sun dawo. Yara sun ci tuwo." A ce ya fara da "da". Da kansa zai ce, "Da yara suka dawo, sai suka ci tuwo." A tsaya nan a tambaye shi: ina "sun" ta tafi, daga ina "suka" ta fito? Haka "yana" take komawa "yake" a "yaron da yake kuka". Ba sai an ba shi sunan wannan a ilimin harshe ba. Ya isa ya ga cewa harshensa yana da doka, kuma shi ya riga ya iya ta.

Kishiyar wannan atisaye ita ce faɗaɗa jimla. A rubuta "Kare ya gudu." A yi ta jefa masa tambaya: wane kare, ina ya nufa, yaushe, don me? Kowace amsa a ƙara ta, har a samu "Baƙin karen maƙwabta ya gudu bayan gari da asuba saboda ya ji ƙarar babur." A nan ne za a iya cewa, a taƙaice, kare suna ne, gudu shi ne aikin, baƙi kuma sifa ce. Kalma ɗaya ta nahawu a mako biyu ta wadatar, kuma kullum daga jimlarsa za a nuna ta.

Jinsi da jam'i kuwa wasa ne, a kan hanya ko wurin wanke-wanke ma ana yi. A faɗi abu, ya amsa da "ne" ko "ce": riga ce, wando ne, Kano ce, Talata ce. Ba da daɗewa ba zai ce ai duk abin da ya ƙare da "a" mace ce. Sai a jefa masa gida, ruwa, nama, suna. Daga nan a wuce zuwa "rigar Kaka" da "wandon Baba", ya ga inda ake ɗafa r da inda ake ɗafa n. Yaran da suka tashi a wuraren da ba a cika bambanta jinsi a magana ba, kamar wasu sassan Zazzau da Bauchi, ko zangon Kumasi da Akara, za su fi buƙatar wannan, kuma a yi musu shi ba tare da an ce maganar gidansu kuskure ce ba. Haka Basakkwace ko Bakatsine da ya rubuta "shina" a madadin "yana". A ce masa haka muke faɗa, haka kuma ake rubutawa a littafi da jarrabawa, domin daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin Kano. A jam'i kuma a fara da masu sauƙi, ƙofa da ƙofofi, gida da gidaje, sannan a kawo masu ban dariya: akuya da awaki, tunkiya da tumaki, sa da shanu, doki da dawaki.

Ƙa'idojin rubutu sun fi nahawu buƙatar haƙuri, domin su baki ba ya koyar da su, kuma abin da yaro yake gani a wayar yayyensa yana rushe su kullum: "yace", "inaso", har da "xan xo". A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kowace a ba ta mako guda ko fiye. Babban baƙi a farkon jimla da aya a ƙarshenta su ne na farko. Hanya mafi sauƙi ita ce ya karanta rubutunsa da ƙarfi, duk inda ya tsaya ya ja numfashi a duba ko aya ce ko waƙafi. Sai haruffa masu lanƙwasa. A jera masa kafa da ƙafa, kaya da ƙaya, bari da ɓari, fada da faɗa, ya sa kowace a jimla, ya ga yadda 'yar ƙugiya ɗaya take mai da gidan sarki ya zama rikici. Yaron da ke Nijar zai ga ana rubuta ƴ inda ake rubuta 'y a Nijeriya. Duka daidai ne, a bi na ƙasar da zai yi jarrabawa. Daga ƙarshe sai raba kalmomi da haɗa su, wanda manya ma yake kayar da su. Ana raba "ya ce", "shi ne", "za mu", "ya ba ni". Ana haɗa "yana", "yake", "yakan", "suka", "gidansa", "masa". Kada a ba shi jerin ya haddace. A ba shi tagwaye masu rikitarwa ya warware: "ta fi ni tsawo" da "tafi gida", "ka sa hula" da "ya kasa tashi", "akan sha fura da rana" da "ƙwarya tana a kan tabarma". Iyayen da su kansu suke shakka, su ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a kusa, kuma ba abin kunya ba ne yaro ya ga ana dubawa.

Rubutun da wani zai karanta

Ba wanda yake son rubuta abin da ba mai karantawa sai mai neman kuskure. An gaji da batutuwan insha'i irin su "Makarantarmu" da "Yadda na yi hutuna". A ba shi aikin da gida yake buƙata da gaske: jerin cefane da za a miƙa wa mai zuwa kasuwa, kuma a sayo abin da ya rubuta kaɗai, in ya manta daddawa a sha miya haka. Wasiƙa zuwa ga Kaka ko Kawu, a ɗauki hotonta a tura ta waya, a roƙi a ba da amsa da sunansa. Mai kiwon tantabaru ya riƙe littafin da zai riƙa rubuta ranar da aka yi ƙwai da ranar da aka ƙyanƙyashe. Mai son ƙwallo ya rubuta rahoton wasan Kano Pillars ko na unguwa, a karanta wa Abba da dare da muryar mai sharhin rediyo. Yarinyar da take son girki ta rubuta yadda ake ɗanwake, a bi abin da ta rubuta sak. In ta manta ta ce a tafasa ruwa, za ta gane amfanin jeranta bayani fiye da duk wani darasi. Ranar suna ko biki a ba ta littafin rubuta gudunmawa ta zauna kusa da mai karɓa.

Gyara kuwa abu ɗaya tak a kowane rubutu, wato ƙa'idar da ake kai a wannan makon. In makon aya ne, a rufe ido a kan sauran kurakurai, a rubuta su a wata takarda ta daban don makonni masu zuwa. Kafin gyara a faɗi abin da ya yi daɗi, kuma a faɗe shi takamaimai. "Ka yi ƙoƙari" ba ta koyar da komai. "Inda ka ce akuyar ta leƙo daga ƙarƙashin gadon Kaka, har na gan ta" tana gaya masa abin da zai sake yi. Da fensir ake gyara, a gefen layi, shi kuma ya nemo kuskuren da kansa. Kada a gwada shi da ƙanwarsa mai kyan rubutu. A samu jaka ko fayil a riƙa ajiye takarda ɗaya kowane mako da kwanan wata a kai, bayan wata biyu a fito da ta farko a ajiye kusa da ta yau, ya yi wa kansa hukunci.

In za a shimfiɗa wannan a zango ɗaya na mako goma sha biyu, ga yadda zai iya kasancewa. Makon farko lura. Daga na biyu zuwa na huɗu, labari da baki da kwafin jimla ɗaya, da wasan "ne" da "ce". Daga na biyar a shigo da shifta sau biyu a mako da haɗa jimloli sau ɗaya. Wajen mako na takwas a fara rubutun da za a aika wa wani, jimla uku zuwa biyar, rabi da hannunsa rabi da na magatakarda. Makonni biyu na ƙarshe ya gwada sakin layi guda shi kaɗai, bayan ya faɗe shi da baki tukuna. Wani yaron zai riga wannan jadawali, wani zai ninka lokacin. Jadawalin ne zai bi yaro.

Wasu za su ce ai jarrabawa da Turanci ake yi, ko da Faransanci a Nijar, don me za a ɓata lokaci a kan Hausa? Amsar ita ce jimla, aya, sakin layi, da sanin abin da za a fara faɗa da abin da zai biyo baya, duk sau ɗaya ake koyonsu, kuma sun fi saurin shiga da harshen da yaro yake tunani da shi. Wanda ya iya tsara labari da Hausa, in ya koma Turanci kalmomi da ƙa'idojin wancan harshe kawai suka rage masa. Hanyoyin ma ba sa canzawa: a karanta masa, ya maimaita, ya kwafa, a yi shifta, ya haɗa jimloli. Za a iya ba Hausa kwana uku Turanci biyu, a juya rabon in ya yi ƙarfi. A Turancin a sa ido a kan p da f, domin kunnen Bahaushe yana haɗa su. Kuma ko da a gida ake karatun gaba ɗaya, a tuna dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara, saboda haka a riƙe hulɗa da wata makaranta, a san manhajar ajinsa da lokacin rajistar jarrabawa.

Idan aka yi zango guda ana bin wannan a natse, ba duka ba zagi, amma yaro har yanzu yana juya haruffa, ko ba ya iya riƙe kalmar da ya koya jiya, ko hannunsa yana ciwo bayan layi ɗaya, kada a ƙara masa lokaci, kada kuma a koma ga bulala. A ɗauki fayil ɗin takardunsa, a kai shi a duba idonsa da kunnensa, sannan a nemi malamin da ya san matsalolin koyon karatu a nuna masa.